Kuɗin Fito a Kan Waya: Tarihin Haɗa Layukan Sadarwa Tsakanin Nijeriya da Maƙwabtanta

Tsakanin Katsina da Maraɗi ba a kai tafiyar kilomita 100 ba, hanya ce kuwa da fatake suka yi ƙarnoni suna bi da jakuna da raƙuma. Amma da waya ta zo, wata hanya dabam ta bi. A mafi yawan shekarun ƙarni na 20, in mutum ya buga tarho daga ƙasar da Ingila ta mulka zuwa maƙwabciyarta da Faransa ta mulka, sai muryarsa ta haura Landan, ta tsallaka Faris, kana ta gangaro Afirka. Legas da Kwatano, waɗanda mota ke haɗawa cikin 'yan sa'o'i, ta Turai suka riƙa gaisawa. Dalilin wannan dogon zagaye yana cikin yadda aka shimfiɗa layukan tun asali, da kuma dokokin da suka fayyace wa zai biya wa idan layin wata ƙasa ya haɗu da na wata.

Dokokin sun girmi tarho kansa. Ranar 17 ga Mayu, 1865, ƙasashe 20 suka sa hannu a Faris kan yarjejeniyar wayar tangaraho, wadda ta haifi ƙungiyar da a yau ake kira ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Tunanin da aka gina ta a kansa shi ne kowace ƙasa tana da hukumar waya guda ɗaya, galibi ta gwamnati, kuma ita kaɗai ke da ikon miƙa saƙo ga takwararta a bakin iyaka. A 1886 wayar ƙarƙashin teku ta haɗa Legas da Landan. Daga nan Turawan mulki suka riƙa jan layi zuwa cikin ƙasa domin gwamna ya ji daga razdan, shi kuma ya aika rahoto gida. Faransawa ma haka suka yi a nasu yankin, layukansu suna fuskantar Dakar da Faris. Babu mai mulkin da ya ga amfanin kashe kuɗi don talakawansa su yi zance da talakawan abokin hamayyarsa.

Bayan samun 'yancin kai, hukumomin waya na ƙasa suka gaji wannan shimfiɗa, suka kuma gaji tsarin rabon kuɗin da ke tare da ita. A Nijeriya an haɗa sashen waya na P&T da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje, aka kafa NITEL a 1985. A Nijar SONITEL ne ya riƙe wannan matsayi, a Kamaru CAMTEL, a Cadi SOTEL. Ga yadda rabon yake: hukumomi biyu za su amince da farashin minti ɗaya na kira tsakaninsu, wadda kiran ya fito daga wajenta ta biya wadda ta karɓa rabin wannan farashi. A ƙarshen lokaci a yi lissafi, wadda ta fi aika kira ta biya bambancin. To, mutanen Turai da Amurka sun fi kiran Afirka fiye da yadda 'yan Afirka ke kiran su, saboda haka dala da fam da faran suka riƙa kwararowa cikin asusun hukumomin wayar Afirka. Ga matalauciyar ƙasa wannan babbar hanyar samun kuɗin waje ce.

A nan ne mai nazari zai fahimci abin da ya sa aikin haɗa maƙwabta ya yi ta jan ƙafa. An yi yunƙuri. Shirin PANAFTEL, wanda ITU da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka tsaya wa a shekarun 1970, ya gina dogayen hasumiyoyin da ke miƙa kira daga ƙasa zuwa ƙasa, sai dai da yawansu sun lalace saboda rashin kula. An kafa RASCOM a 1992 don Afirka ta mallaki tauraron ɗan'adam nata, amma tauraron bai tashi ba sai a Disamban 2007. Hukumar da ke samun dala daga layin Landan ba ta da zumuɗin gyara layin Yamai, wanda ba zai kawo mata komai ba sai sefa kaɗan.

Amurka ce ta rushe wancan tsari, don ita ke biyan kaso mafi tsoka. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanoninta suna fitar da fiye da dala biliyan 5 a shekara zuwa hukumomin wayar ƙasashen waje. A Agustan 1997 hukumar sadarwarta, FCC, ta yanke iyakar abin da kamfanin Amurka zai biya a minti ɗaya: santi 15 ga ƙasashe masu arziki, 19 ga matsakaita, 23 ga matalauta. Ƙasashe da dama sun yi ƙorafin cewa hukumar ƙasa ɗaya ba ta da hurumin yanke wa duniya farashi, amma mai biya ya riga ya ɗaure bakin jakarsa. Cikin 'yan shekaru wannan rijiya ta fara ƙafewa.

A daidai wannan lokaci intanet ke bazuwa, da al'adar da ta saɓa wa ta tarho gaba ɗaya. Kamfanonin intanet suna haɗuwa ta ɗayan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce musayar tsara da tsara: kamfanoni biyu su haɗa layi, kowa ya miƙa wa ɗan'uwansa saƙonnin da aka aiko wa abokan cinikinsa, ba wanda ke biyan wani, ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Ta biyu ita ce ƙaramin kamfani ya biya babba don ya ɗauki saƙonninsa zuwa duk faɗin duniya. Wannan biyan ya yi kama da abin da Bahaushe ke kira kuɗin fito, wanda matafiyi ke ba mai kwalekwale don ya haye da shi kogi, kalmar da daga baya ta koma nufin harajin kaya a kan iyaka. Babban kamfani ba ya yarda ya yi musayar kyauta da wanda yake gani zai iya zama mai biyansa fito. Tun da kusan duk abin da ake nema a intanet a wancan zamani yana ajiye a Amurka da Turai, kamfanin Afirka ne mai buƙata. Shi zai biya kuɗin layin tun daga gida har Landan ko Niyok, ya kuma biya kuɗin shiga a can, alhali Ba'amurken da ya aiko saƙo Afirka ta wannan layi yana bi kyauta. Kuɗin da a da ke shigowa, yanzu fita yake yi.

Ƙasashe masu tasowa sun kai kuka ITU. A taron Montreal na Oktoban 2000 aka amince da shawarar da ake kira D.50, wadda ta ce ɓangarori biyu su daidaita tsakaninsu tare da la'akari da yiwuwar biyan juna diyya. Shawara ce mai laushi, ba ta tilasta wa kowa komai, Amurka kuma ta ce ba za ta yi aiki da ita ba.

Maganin da ya yi aiki daga cikin gida ya fito, kuma abin da ya faru a Kenya ya zama darasin da masu tsara dokar sadarwa a Afirka suka daɗe suna ambato. A Nuwamban 2000 ƙungiyar kamfanonin intanet ta ƙasar, TESPOK, ta buɗe mahaɗa a Nairobi mai suna KIXP, wato ɗaki guda da kowane kamfani zai jawo layinsa, su yi musayar saƙonnin cikin gida ba tare da sun zaga ta ƙetare ba. Kamfanin gwamnati, Telkom Kenya, wanda doka ta ba babakere a kan layukan ƙasashen waje, ya kai ƙara cewa mahaɗar ba ta da lasisi kuma tana taka masa haƙƙi. Cikin makonni biyu hukumar sa ido ta rufe ta. Kamfanonin suka kafa hujja da cewa saƙon da ya tashi a Nairobi ya sauka a Nairobi ba saƙon ƙasar waje ba ne. Aka yi shekara guda ana ja-in-ja, aka ba su lasisi a Nuwamban 2001, mahaɗar ta koma aiki a Fabrairun 2002. Saƙon da a da yake ɗaukar fiye da daƙiƙa ɗaya ta tauraron ɗan'adam ya koma isa a ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Abin lura shi ne, dokar da aka rubuta don kare kamfanin ƙasa ita ce ta tilasta wa 'yan ƙasa aika dalarsu waje.

Nijeriya ta bi ta wata ƙofar. Lokacin da aka yi gwanjon lasisin wayar salula a Janairun 2001, layukan tarho masu aiki a ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Shigowar sababbin kamfanoni ta sa batun haɗa layi ya zama na gaggawa, sai Dokar Sadarwa ta 2003 ta wajabta wa duk mai lasisi ya haɗa layinsa da na wanda ya nema, ta kuma ba hukumar NCC ikon shiga tsakani in aka kasa daidaitawa. Mahaɗar intanet ta ƙasa, IXPN, an kafa ta a Legas a 2006 da tallafin NCC, daga baya ta yi rassa a Abuja da Fatakwal da Inugu da Kano. Binciken da ƙungiyar Internet Society ta fitar a 2012 ya ƙiyasta cewa mahaɗar tana rage wa kamfanonin Nijeriya kashe sama da dala miliyan ɗaya a shekara. A nan hukuma ta ba da ƙarfi ta koma gefe, ba ta yanke wa kowa farashin musaya ba.

Sai dai mahaɗar cikin gida ba ta warware matsalar ƙasar da ba ta da teku. Wayar SAT-3, wadda ta fara aiki a 2002 daga Fotugal zuwa Afirka ta Kudu, ta sauka a Dakar da Abijan da Akara da Kwatano da Legas da Duwala da wasu biranen gaɓa. A kowace tashar sauka, kamfanin ƙasa da ya zuba jari shi kaɗai ke da mabuɗi na shekarun farko, ya kuma sayar da megabit ɗaya kan dubban daloli a wata. Nijar, wadda ta ja layinta daga Yamai ta Dosso zuwa Gaya ta tsallaka kogin Kwara zuwa Malanville, dole ta biya fito sau biyu: na ratsa ƙasar Benin, da na shiga teku. Cadi ta dogara da wayar da aka binne tare da bututun mai daga yankin Doba zuwa Kribi, wanda aka kammala a 2003, ga shi kuma a Kamaru CAMTEL ne ke riƙe da manyan layukan ƙasa. Farashin da ɗalibi a Damagaram ko Injamena ke biya a shagon intanet, a Kwatano da Yawunde ake yanke babban kasonsa.

Hatsarin rataya a igiya ɗaya ya bayyana a Yulin 2009, da reshen SAT-3 na Benin ya lalace. Nijar da Togo suka yanke daga intanet kusan ɗungurungum. Nijeriya ma, duk da tana da tashar saukarta, ta rasa kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin layinta, domin yawancin kamfanoninta sun riga sun koma saye ta hanyar Kwatano. Bankuna da ofisoshin gwamnati suka tsaya cik.

Ƙungiyar ECOWAS ta yi nata ƙoƙarin. A Janairun 2007, a Wagadugu, shugabanninta suka amince da dokoki kan sadarwa, ciki har da ta haɗa layuka da buɗe su ga masu gasa, a 2012 kuma aka ƙara ƙa'ida kan shiga tashoshin saukar wayoyin teku. Amma a ganina abin da ya karya farashi da gaske shi ne zuwan kishiyoyi: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS da ACE a 2012. Da aka sami masu kwalekwale biyar a mashigi ɗaya, fito ya sauko da kansa a biranen gaɓa. Saukowarsa a cikin tudu ta fi jinkiri, don a can har yanzu sai an ratsa ƙasar wani.

Wani yunƙuri na mayar da intanet kan tsarin tarho an yi shi ne a taron ITU na Dubai a Disamban 2012, inda ƙungiyar manyan kamfanonin wayar Turai ta kawo shawarar mai aika saƙo ya riƙa biyan mai karɓa. Shawarar ba ta shiga yarjejeniya ba, yarjejeniyar kanta kuma ta raba kan duniya: ƙasashe 89 suka sa hannu, 55 suka ƙi. Shekara guda kafin nan binciken cibiyar Packet Clearing House ya nuna cewa fiye da kashi 99 cikin ɗari na yarjejeniyoyin musayar tsara da tsara a duniya da baki aka ƙulla su, ba takarda. Abin da ake ƙullawa da musafaha yana da wuyar kamawa da dokar farashi. Inda hannun hukuma ya yi tasiri shi ne wajen hana mai mabuɗi rufe ƙofa, ko ƙofar mahaɗa ce, ko ta tashar teku, ko ta layin da ke ratsa iyaka.

Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka tsinke a lokaci guda a tekun Kwaddebuwa, ƙasashe fiye da goma suka shiga matsala, har da Nijar da Burkina Faso waɗanda ba su taɓa ganin wayoyin a ƙasarsu ba. Kamfanonin da ke da hanya ta Glo-1 ko ta Equiano, wadda Google ya saukar a Lome da Legas a 2022, su suka fara farfaɗowa. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Dukkansu uku ba su da gaɓar teku, kuma layukansu na zuwa duniya ta ƙasashen da suka rage a ƙungiyar yawancinsu suke bi.