Kuɗin Wuta a Hayin Banki da Maganar Tashar Nukiliya

Sa'ad da na kama haya a Hayin Banki ina malamin firamare, a farkon shekarun 1980, kuɗin wuta ba ya cikin abin da ke hana maigida barci. Hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, tana da madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968, kuma gwamnati na tallafa wa farashi. A 1990 aka buɗe madatsar Shiroro a kan Kogin Kaduna, muka ɗauka ɗauke wuta ya ƙare. Allah bai nufa ba.

A 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin yunit ɗaya daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 ga waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. Masu walda da masu injin niƙa na unguwarmu, ko da ƙarin bai faɗa kansu kai tsaye ba, sun ji shi a kuɗin kaya. A majalisarmu ta bayan Magariba ne na fara jin dattawa na tambaya ko nukiliya za ta kawo sauƙi.

Tsoron abin daɗaɗɗe ne. Faransa ta gwada bam ɗinta a Sahara a 1960, har Nijeriya ta yanke hulɗa da ita a 1961. Haɗarin Canobil na 1986 kuwa a rediyo muka ji shi. Amma da yawa ba su san cewa tun 2004 akwai ɗan ƙaramin injin nukiliya a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya ba. Na bincike ne, ƙarfinsa a farko kilowat 30 kacal, ba ya ba kowa wuta. A 2018 aka sauya masa makamashi da wanda ba ya yin bam, aka mayar da na farkon ƙasar Sin.

A ganina wannan shaida ce cewa muna da masana, amma babbar tasha wani abu ne daban. Gininta na cin maƙudan kuɗin da a ƙarshe mai mita zai biya, kuma tana bukatar layin wuta tsayayye, alhali namu na ƙasa ya sha durƙushewa a 2024. Nijeriya ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, an kuma ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a gina tashoshin.