SHIN DA GASKE NE ANA ƊAURE WA MUTUM TUMBI DON YA RAGE CI?

TAMBAYA: Wannan ta fito ne daga wani mai saurarenmu, dillalin dabbobi a kasuwar Maigatari. Ya ce wani direba mai zuwa lodin shanu ya ba su labari, wai a ƙasashen Turawa akwai masu biyan likita kuɗi ya ɗaure musu ciki don kada su riƙa cin abinci da yawa. Ya ce sun yi ta gardama a rumfa, wasu na cewa zancen direbobi ne kawai. Yana so a gaya masa ko gaskiya ne, da lokacin da aka fara, da kuma abin da wanda aka yi wa yake ci. Mun sami irin wannan tambaya daga Gumel da Sule Tankarkar, saboda haka muka haɗa amsar wuri guda.

AMSA: To malam, direba bai yi ƙarya ba. Ana yi, kuma an daɗe ana yi. Amma bari mu fara da dalilin da ya sa abokan zamanka suka ƙi yarda, domin su ma suna da hujja, kuma hujjar tasu tana cikin tarihin ƙasarku.

Kakanninmu ba su san tsoron ƙoshi ba, tsoron rumbu suka sani. A 1913 damina ta ƙi, a 1914 aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba. Mutanen arewa, daga Damagaram da kewayenta, suka yi ta kwarara kudu wajen Kano neman abin sa wa a baka, da yawa ba su kai ba. Aka yi 'Yar Buhu a 1927, aka yi 'Yar Gusau a 1942. Dattawan Gagarawa da Sule Tankarkar da suka ga farin 1973 suna nan da ransu, ka tambaye su. Su ne za su gaya maka yadda ake tona gidan tururuwa a kwashe ɗan hatsin da ta tara, da yadda ake sussukar ƙarangiya, da yadda ake jiƙa anza kwana da kwanaki ana sake mata ruwa kafin ɗacinta ya fita. Ta 1984 kuwa, a ƙofarku aka yi ta. A watan Afrilu na wannan shekara gwamnatin soja ta rufe iyakokin Nijeriya, ba a buɗe ba sai 1986, ga fari ya sauka, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari. Wanda duk ya san yadda Dungas da Magarya suka dogara da kasuwar Maigatari ya san abin da rufe iyaka ke nufi a shekarar da gero bai yi ba. A 2005 ma an sake gani a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ko a shekarar albarka, wane manomi ne bai san tsakiyar damina ba, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai kai ga tumu ba?

Mutanen da suka fito daga irin wannan tarihi, dole ƙiba ta zama abin yabo a wurinsu. In an ce Alhaji ya aje tumbi, ai ana nufin kasuwa ta karɓe shi. In amarya ta zo ganin gida ta yi ɓul-ɓul, sai a ce mijin ya iya riƙo. Mai jego a dura mata kunun kanwa. Rama kuwa abin tambaya ce: lafiya? Ko bashi ne? Bayan da aka ba da labarin ɓullar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, sai rama ta ƙara zama abin gudu, har mai fama da tarin fuka ko ciwon sukari ya riƙa ɓuya don bakin mutane. Ɗaure ciki da muka sani shi ne na mai jin yunwa, kamar yadda ya zo a tarihi cewa an ɗaura dutse a ciki ranar haƙa ramin Handaƙu a Madina. To ka ga in aka ce wani ya biya kuɗi don a hana shi ci, dole a yi gardama.

A Amurka da Turai abin ya juya ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abinci ya yi araha, sukari da mai suka yawaita, mota da inji suka karɓe aikin ƙarfi. Sai likitoci suka fara ganin mutanen da nauyinsu ya hana su tafiya, ya jawo musu ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa, har wasu numfashinsu kan ɗauke cikin barci. An ba su shawarar rage ci, sun rage, nauyin ya sauka ya sake dawowa. Daga nan aka fara tunanin wuƙa.

Ba da tumbi aka fara ba. (Tumbin ciki nake nufi, ba garin Tumbi da sarakunan Gumel suka zauna kafin su dawo Gumel a ƙarni na 19 ba.) Da hanji aka fara. A 1954 wasu likitoci a jihar Minesota ta Amurka, Kremen da Linner da Nelson, suka ba da bayanin aikin da ake yanke ƙaramin hanji a haɗa farkonsa da ƙarshensa, abinci ya tsallake tsakiya. Kai da ke ganin mahauta kullum ka san tsawon hanji. Na mutum yakan kai wajen mita 6, amma a irin aikin da ya bazu daga baya, abin da ake bari yana aiki bai kai rabin mita ba. Mutum zai ci yadda ya ga dama, jiki ba ya samun komi. An rame ƙwarai, amma da tsada: zawo ba dare ba rana, tsakuwar ƙoda, hantar wasu ta lalace har suka rasu. Zuwa farkon shekarun 1980 an watsar da shi.

A 1966 wani likita a jami'ar Iowa, Edward Mason, ya bi wata hanya. Ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani ɓangare na tumbi saboda gyambon ciki ba sa sake yin ƙiba. Sai ya ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi ya haɗa shi da hanji kai tsaye. Wannan aiki, bayan gyare-gyare, har yau ana yinsa. Shi aka yi wa ɗan ƙwallon nan Maradona a ƙasar Kolombiya a 2005.

Yanzu mu zo kan wanda ka tambaya. Wasu likitoci suka ce, me zai sa a yanka? A ɗaure mana, kamar yadda ake ɗaure bakin buhu. An gwada a ƙarshen shekarun 1970 da ɗauri wanda ba ya motsi, bai yi kyau ba. A tsakiyar shekarun 1980 sai Hallberg da Forsell a ƙasar Suwidin, da kuma Lubomyr Kuzmak a Amurka, suka fito da zobe na roba mai laushi wanda ake iya tsukewa ko a sassauta. Ana zagaya shi a saman tumbi, ya raba shi biyu: ɗan aljihu a sama wanda bai fi ƙwan kaza ba, da sauran tumbin a ƙasa, da 'yar ƙaramar ƙofa a tsakani. Ka tuna tumbin babban mutum yakan ɗauki lita guda ko fiye. Cikin zoben akwai balan-balan, da siririn tiyo da ya zo ya tsaya a ƙarƙashin fatar ciki. In ana so a tsuke, likita ya soka allura a nan ya ƙara ruwan gishiri. In ya matse da yawa, ya zuƙe kaɗan.

Abin da zai ba ka sha'awa, cikin waɗanda suka fara sa wannan zobe ba tare da tsaga ciki ba, watau ta 'yan ƙananan huji da kyamara, akwai ɗan Afirka. Sunansa Mitiku Belachew, haifaffen ƙasar Habasha, wanda ya yi kiwo yana yaro kafin ya yi karatun likita a Beljiyam. A garin Huy na wannan ƙasa ya yi aikin a 1993. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da zoben a 2001, daga nan kasuwarsa ta buɗe. A 2011, kusan kashi 35 cikin ɗari na ayyukan rage ƙiba da aka yi a Amurka, zoben ne.

Ba kowa ake yi wa ba. Akwai lissafin da ake yi da nauyin mutum da tsawonsa. A ƙa'idar da aka sa a Amurka a 1991, mutum mai matsakaicin tsawo, mita 1 da santimita 70, sai ya kai wajen kilo 115, watau buhun gero da ɗoriya, ko kuma kilo 100 da ɗan abin kai idan yana da ciwon sukari ko makamancinsa. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sassauta ƙa'idar.

To me wanda aka yi wa yake ci? Nan ne labarin yake. Makonnin farko ruwa-ruwa kawai, kamar romo da koko marar kauri. Daga nan abin da aka dame ya yi laushi. Sai bayan wata guda ko fiye ake komawa abinci mai tauri, shi ma 'yan lomomi, kowace a tauna ta har ta zama kamar kunu. Ba a kora abinci da ruwa, sai an jinkirta. Burodi da shinkafa da busasshen nama su ne suka fi maƙalewa a ƙofar nan, kuma in abu ya maƙale, ciwo ne a ƙirji, yawu ya yi ta tsinkewa, sai an amayar ake samun sauƙi. Ka kwatanta da namu. Lomar tuwo da muke haɗiya ba tauna, kilishi, tsire, soyen naman layya, duk sun zama abin fargaba. Ka duba mutumin da aka zauna da shi a kwano ɗaya wurin suna, kafin ya gama tauna loma biyu an suɗe kwano, ga mai gida na cewa ci mana, ko ba ka son girkin gidana ne? Ko kuma mai azumi da ya wuni, aka kira magariba, ga ƙosai ga kunun tsamiya, shi kuwa cikinsa ƙwai guda yake ɗauka. Masu zoben da yawa sun koma gudun cin abinci cikin mutane, wasu ba sa zama sai sun ga inda za su ruga in amai ya taso.

Sa'an nan ga wata dabara da jiki ke koya wa mai shi. Zobe yana tsare mai tauri ne, ba ya tsare mai ruwa. Nama da ganye suna wahalar wucewa, amma shayi mai madara da sukari, da lemon kwalba, da abin da ya yi kama da fura da nono in an zuba mata sukari, zuruf suke wucewa. Sai mutum ya bar abincin da zai amfane shi ya koma wa mai zaƙi, nauyi ya dawo, ga zobe a ciki. A ganina nan ne kuskuren masu tallarsa ya fito. Sun ɗauka yunwa a faɗin tumbi kawai take, alhali kwaɗayi da sabo da damuwa ba a tumbi suke zaune ba. Mutumin da dā yake tsoron kada ya ci da yawa, yanzu yana tsoron kowace loma.

Da shekaru suka tafi sai sauran matsaloli suka bayyana. Zoben kan zame, kan ci naman tumbi ya shige ciki, tiyon kan yi yoyo. Wani bincike da aka buga a 2011 ya bi sawun mutanen da aka sa wa zobe a birnin Burasels tsakanin 1994 da 1997, aka tarar kusan rabin waɗanda aka samu an cire musu shi. Zuwa 2018 rabon zoben a Amurka ya faɗo zuwa wajen kashi 1 cikin ɗari. Wanda ya maye gurbinsa shi ne aikin da ake yanke wajen kashi uku cikin huɗu na tumbi a fitar, a bar siriri kamar ayaba. Shi ba ya warwaruwa, amma yana rage jin yunwa, domin ɓangaren da ake cirewa shi ne ya fi fitar da sinadarin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ciki ba komi. Daga 2021 kuma aka amince a Amurka da allurar Wegovy, wadda ake yi sau ɗaya a mako tana kashe sha'awar ci. Tana da tsada, kuma galibi in an daina nauyin yakan dawo. Kada ka haɗa duk waɗannan da aikin tsotse kitse, irin wanda uwargidan shugaban ƙasa Stella Obasanjo ta rasu bayan an yi mata a Sifen a watan Oktoba na 2005. Wannan na gyaran sura ne, bai shafi tumbi ba.

A Nijeriya ana yin ayyukan rage ƙiba a wasu asibitocin kuɗi na Legas da Abuja. Kada ka ce abin ya yi mana nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya haura ƙa'ida, kuma wannan binciken ne ya nuna kashi 64 cikin ɗari na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Sau da yawa a gari ɗaya za ka same su, wani lokaci ma a gida ɗaya. Ɗan kasuwar da ya bar noma, ya bar tafiyar ƙasa ya hau babur, yana wuni a rumfa daga shayi sai lemo sai taliya, shi ne likitocinmu suka fara gani da ciwon sukari.

Amma abin da ya fi zobe kusa da ku, malam, yana nan kan tiren masu tallar magani ranar Alhamis. Ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata ke sha gab da aure, wasu ma har su ba ragon turke. Iri biyu ne suka fi yawa. Siproheptadin maganin ƙaiƙayi da mura ne, yana buɗe ciki yana sa barci. Deksametazon kuwa magani ne mai ƙarfi na asibiti, kuma abin da yake kawowa ba ƙibar lafiya ba ce: fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, jiki ya kasa yaƙar cuta. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan na iya kayar da shi. Ya ɗauki kwalin ya je babban asibitin Gumel ko wanda ya fi kusa da shi, a rage masa sannu a hankali.

Da fatan an raba gardama. A gaida mutanen rumfa, a kuma gaida direba in ya dawo lodi.