Yadda ake sa wa wayar ambireyaj ta babur mai a gida

A ƙauyukanmu babur ne motar ɗaukar mara lafiya, shi ne kuma jakin kai kaya kasuwa. Ranar da wayar ambireyaj ta tsinke a tsakiyar daji, da mai naƙuda a baya ko buhun gero, ranar ce mutum ke sanin darajarta. Ita kuwa wayar ba ta tsinkewa haka kawai, sai ta daɗe tana ba da alama. Shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo muku bayanin yadda ake kula da ita a gida. Ƴan uwanmu na bakin iyakar Najeriya suna ce mata wayar kulochi, duk abu guda ne.

Mece ce wayar, kuma me ke cin ta?

Idan kuka duba babura masu giya irin su Kasea, Haojue ko Boxer, za ku ga waya ta taso daga mariƙin hannun hagu ta gangara har jikin inji. Siraran zaruruwan ƙarfe ne aka murɗe wuri guda, suna kai da komowa cikin baƙin kube. Idan ka matse mariƙin, wayar ta ja wani ɗan hannu a jikin inji, sai inji ya saki taya don ka sa giya. Ƙananan baburan da ba su da mariƙi a hagu ba su da wannan waya.

Abin da ke cin ta a ƙasarmu uku ne. Ƙurar hunturu tana shiga ta bakin kube ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Ruwan damana da ruwan wanki suna kwanciya a ciki su kawo tsatsa. Sannan hanyoyin rairayi, irin na yankunan Dakoro, Mayahi ko Tanut, suna sa direba ya yi ta matsa mariƙi ba hutu.

Alamomin da za ku lura da su

Mariƙi ya yi tauri har hannu na gajiya. Ko ka ji yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ko ka sake shi ya ƙi komawa da sauri. Duk waɗannan ƙishirwar mai ce. Amma idan ka ga ko da zare guda ya tsinke ya miƙe, galibi daf da mariƙi inda wayar ke lanƙwasa, to mai ba zai yi magani ba. Sai dai a sake sabuwa tun kamin ta bar ka a hanya.

Kayan aiki

Sabon man inji kamar cokali biyu, ɗan giris, tsumma mai tsabta, ƙaramar leda, robar ɗauri, fulaya da sufana daidai notin babur ɗinka. Idan akwai sirinji wanda aka cire wa allura, yana sauƙaƙa zubin.

A nan muna jan hankali. Kada a sa baƙin man da aka juye daga inji, don cike yake da datti da garin ƙarfe. Kada a sa man gyaɗa ko na girki, yana daskarewa ya yi danƙo, wayar ta fi dā tauri. Esansi kuma wanke maiƙo yake, ya bar ƙarfe a bushe.

Yadda ake aikin

1. Kashe babur, ka kafa shi a inuwa, ka bari inji ya huce.

2. Janye robar da ta rufe gindin mariƙi. Sassauta faffaɗan notin nan, sannan ka murɗa abin saiti ciki har wayar ta yi sako-sako.

3. Noti da abin saiti kowane yana da tsaga. Daidaita tsagogin su zama layi guda, ka ja kube baya, ka fitar da wayar ta tsagar, sannan ka zare ɗan dunƙulen ƙarfen da ke kanta daga cikin mariƙi. Idan ta ƙi fita, sassauta notin da ke ƙasa wajen inji. Kada ka fizge ta da ƙarfi.

4. Goge bakin wayar, ka duba zaruruwan da kyau.

5. Huda kusurwar leda, ka cusa bakin kube a ciki, ka ɗaure da roba tam. Ka ga ta zama mazurari ke nan. Ɗaga wayar tsaye, ka zuba man.

6. Riƙa ja da tura wayar a hankali. Man zai yi ta gangarawa, datti na fita ta ƙasa. Ba a gama ba sai ka ga mai ya ɓullo wajen inji. Wanda ba ya sauri yana iya rataye ta haka ta kwana.

7. Shafa giris a kan ɗan dunƙulen da kuma ƙusar da mariƙi ke juyawa a kanta. Mutane da yawa suna tsallake wannan, alhali idan dunƙulen ya ƙi juyawa cikin raminsa, wayar ce ke lanƙwasa a wurin, kuma nan take tsinkewa.

8. Mayar da komai yadda ka same shi, ka goge man da ya zuba. A kiyaye kada ya taɓa taya ko birki, kuma a mayar da robar rufi, ita ke tare ƙura.

Wasu wayoyin na zamani suna da shimfiɗar roba mai santsi cikin kube, kuma masu ƙera su kan ce kada a sa musu man inji. Idan babur ɗinka yana da littafinsa, duba shi, ko ka tambayi makaniken da ya san irinsa.

Saiti bayan an gama

Wannan shi ne wurin da ake yawan kuskure. Dole a bar wa mariƙi ɗan wasa kamin ya fara jan waya. A yawancin babura masu inji 125, wasan yana tsakanin milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen mariƙi, wato kamar faɗin yatsa guda. Idan ka ɗaure ta da yawa, inji zai yi ta kuka babur bai gudu, faifan ambireyaj na ciki su ƙone, kuma gyaransu ya fi kuɗin waya nesa ba kusa ba. Idan ta yi sako-sako da yawa, giya za ta yi wuyar shiga, babur ya riƙa jan jiki ko ka matse mariƙi. Bayan saiti, juya kan babur hagu da dama har ƙarshe, ka tabbata wayar ba ta maƙale ko ta ɗaure ba. Sannan ka gwada shi a hankali a ƙofar gida.

Yaushe ake yi?

Mu dai shawararmu, a yi shi idan hunturu ya wuce, a sake yi bayan damana, da duk lokacin da babur ya ratsa ruwa mai zurfi. Ƴan kabu-kabu da ke kan hanya kullum su riƙa dubawa duk sanda suka sake man inji.

Ku kuma ƴan uwa da ke Legas, Abijan, Agadas ko Libiya, da kuka sayo wa gida babur, idan kun kira waya ku tambayi yaron da ke tuƙa shi rabonsa da sa wa wayar mai. Ku sa a sayi waya guda ta ajiya a naɗe ta ƙarƙashin kujera, tare da fulaya da sufana. Mai ita, ko ta tsinke masa a daji, zai sake ta a gindin itace ya ci gaba da tafiya. Allah ya kiyaye hanya.