Gidan da Kafinta Ya Gina wa 'Yarsa

A watan Yunin 1952 wata wasiƙa ta taso daga Kofanhegan, babban birnin Danmak, zuwa unguwar Bronx da ke birnin Niyok na Amurka. George Jorgensen, kafinta mai kwangilar gine-gine, shi da matarsa Florence aka aiko wa. Shekara biyu ke nan da ɗansu ya tafi Danmak, ƙasar kakanninsa. Wasiƙar ta sanar da su cewa wanda suka haifa ranar 30 ga Mayun 1926, suka raɗa masa sunan mahaifinsa, yanzu mace ce, sunanta Christine. An haɗo da hotuna a ciki.

Iyayen ba su san abin da ya kai ta can ba. Tun ƙuruciya take jin cewa ita mace ce, ta ɓoye wa kowa. An ɗauke ta aikin soja a 1945, ta gama ta dawo, damuwar tana nan. A 1950 ta haɗu da Dakta Christian Hamburger a Kofanhegan, likitan da ya ƙware kan sinadaran jiki da ke bambanta namiji da mace. Ya ɗora ta a kan magani, aka yi mata tiyatar farko a Satumbar 1951. Don girmama shi ne ta zaɓi sunan Christine.

Amsar iyayen ta je ta wayar tangaraho, kuma gajeriya ce: saƙo ya iso, hotuna sun iso, ƙaunar da suke yi mata ta ma ƙaru.

Da a nan labarin ya tsaya, da ya zama sirrin gida ɗaya. Sai dai wasiƙar ta faɗa hannun 'yan jarida. Ranar 1 ga Disambar 1952 jaridar New York Daily News ta buga a shafinta na farko cewa tsohon soja ya koma kyakkyawar mace. A lokacin Christine tana kwance a asibiti, bayan tiyata ta biyu da aka yi mata a Nuwamba. Masu kyamara suka cika ƙofar gidan kafinta. A cikin watan nan George da Florence suka tafi Danmak, suka yi bikin Kirsimeti tare da 'yarsu.

Sai an duba Amurkar wancan zamani za a gane nauyin abin da suka ɗauka. A birane da yawa doka ta hana mutum fita da tufafin da ba na jinsinsa ba, 'yan sanda suna kama mutane a kan haka. A Afrilun 1953 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a umarnin da aka yi amfani da shi wajen korar masu neman jinsi ɗaya daga aikin gwamnati. Ɗan kwangila kuwa jarinsa mutuncinsa, idan unguwa ta juya masa baya aiki ya tsaya. Hanya mai sauƙi ita ce su ce ba su san ta ba, kamar yadda iyaye da dama suka yi wa nasu. Hausawa kan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Su a wurinsu hannun ma bai ruɓe ba.

Christine ta sauka a filin jirgin Idlewild, wanda yanzu ake kira JFK, ranar 12 ga Fabrairun 1953. Ta shiga sana'ar waƙa da nishaɗantarwa a gidajen rawa, daga baya tana zagaya jami'o'i tana lacca. Mahaifinta ya gina gida a garin Massapequa da ke Long Island, a nan suka zauna tare.

Hukuma ba ta bi sahun iyayen ba. A 1959 Christine ta nemi takardar izinin aure da saurayinta Howard Knox, ofishin birnin Niyok ya hana, saboda takardar haihuwarta ta ce namiji. Kalma ɗaya a rajistar 1926 ta rinjayi fasfonta da ke cewa mace. Knox ya rasa aikinsa a Washinton da labarin ya fita, auren kuma bai yiwu ba. Gidan Massapequa dai yana nan a buɗe gare ta. Ba ta bar shi ba sai bayan rasuwar iyayen biyu, ta koma Kalifoniya a 1967. A can ta mutu ranar 3 ga Mayun 1989, sanadiyyar ciwon daji.

Shekara ashirin bayan waccan wasiƙa, wata malamar firamare a Niyok, Jeanne Manford, ta fito zanga-zanga a Yunin 1972 kusa da ɗanta Morty, mai neman jinsi ɗaya, wanda aka lakaɗa wa duka wata biyu kafin nan. Taron iyayen da ta kira a Maris ɗin 1973 shi ya zama ƙungiyar PFLAG, wadda sai a 1998 ta shigar da masu sauya jinsi cikin manufarta a hukumance.

George da Florence ba su riski wannan ba. A zamaninsu babu ƙungiyar iyaye, babu wanda za su tambaya yadda ake yi. Abin da suka yi a fili yake: sun amsa wasiƙa, sun je asibiti, sun karɓi sabon sunan, sannan kafinta ya ɗauki guduma ya gina gida da ɗakin 'yarsa a ciki.