Samsung da Daewoo: fari ɗaya, girbi daban

Jama'a, tun da darajar naira ta faɗi a 2023, wasu kamfanonin waje irin su GSK da P&G suka tattara nasu ya nasu, nake ta ganin ana rubuta cewa mafita ita ce kamfani ya yawaita sana'o'i, in wannan ta tsaya waccan ta ɗauke shi. Ni dai ina ganin maganar ba ta cika ba. Bari mu leƙa Koriya ta Kudu a 1997.

A shekarar nan tattalin arzikin gabashin Asiya ya shiga mummunan hali. Dalar da ake saye a kan kusan won 900 ta haura won 1,900 kafin ƙarshen Disamba. Dole gwamnati ta nemi ceton IMF, aka haɗa mata rancen kusan dala biliyan 58. Har talakawa suka riƙa kai zobba da sarƙoƙinsu na zinare don a taimaka wa ƙasa ta biya bashi.

Samsung da Daewoo duk suna cikin manyan kamfanonin ƙasar, kuma kowanne ya baza hannu ko'ina: motoci, jiragen ruwa, talabijin, gine-gine. Duka biyun bashi ya yi musu katutu.

To me Samsung ya yi? Lee Kun-hee, mai kamfanin, ya yarda a yanke. Aka rage rassa zuwa 45, aka sallami ma'aikata kusan 50,000. A 1998 suka sayar wa Volvo sashen ƙera motocin haƙa da aikin gini. Kamfanin motar da shi Lee ɗin ya ƙwallafa rai a kai, wanda bai daɗe da fitar da motarsa ta farko ba, shi ma ya koma hannun Renault a 2000. Amma ba su taɓa sashen ƙwaƙwalwar kwamfuta da wayar salula ba, ƙara musu jari ma suka yi. Dalili? Kayan nan a waje ake sayar da su da dala, faɗuwar won riba ce a gare su. Bashin da ya kai kashi 365 cikin ɗari na jarinsu a 1997 ya sauko zuwa 148 a ƙarshen 1999.

Shi kuwa Kim Woo-choong na Daewoo sai ya ɗauka lokacin cin kasuwa ne ya zo. Ana tsakiyar rikicin, a farkon 1998, ya sayi kamfanin motoci na Ssangyong, ya ci gaba da ciwo bashi mai tsadar ruwa yana toshe wani bashin. Wai taura biyu zai tauna lokaci guda. A 1999 komai ya ruguje, da bashin da ya haura dala biliyan 50. Kim ya gudu ƙasar waje, ya dawo a 2005, kotu ta ɗaure shi. Sashen motocin ya faɗa hannun General Motors a 2002. Masu tuna Daewoo Racer a titunanmu, kun ji inda labarinta ya ƙare.

Kun ga ke nan yawan sana'o'i bai ceci kowa ba. Amfaninsa ga Samsung abu biyu ne: yana da abin da zai sayar ya sami tsabar kuɗi, yana kuma da reshen da ke kawo dala. Kada kuma mu manta da mutum dubu hamsin ɗin nan, su suka biya kuɗin wannan tsira da abincin gidajensu.

Saboda haka in an ce maka wane yana da masana'anta goma, tambayi guda nawa ke kawo kuɗin waje, da wane kuɗi ya ci bashi, kuma wacce zai iya rabuwa da ita ran da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Allah Ya kawo mana sauƙi.