Manɗiƙi da Ƙwayoyin Gado: Daga Boole zuwa René Thomas

A shekarar 1854, George Boole, masanin lissafi ɗan Ingila, ya wallafa littafinsa a kan dokokin tunani. A ciki ya nuna cewa ana iya mayar da manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, ya zama lissafi: gaskiya 1, ƙarya 0. Sai da aka yi shekara ɗari da ɗoriya kafin masu binciken ƙwayoyin gado su ga amfanin wannan hanya.

Abin ya faro ne daga birnin Paris. A Cibiyar Pasteur, François Jacob da Jacques Monod sun duƙufa a kan bakteriyar hanji mai suna Escherichia coli, wadda ba ta cika haɗa sinadarin narka sukarin madara ba sai in sukarin yana nan. A 1961 suka kawo hasashe: akwai wani mai tsaron ƙofa da yake rufe ƙwayoyin gadon wannan aiki, sukarin kuma shi ke janye shi. Ƙarfin hasashen shi ne ya faɗi abin da zai iya rushe shi. In gaskiya ne, to bakteriyar da mai tsaronta ya lalace za ta riƙa haɗa sinadarin ko da babu sukari. Haka kuwa aka gani. A 1965 suka samu lambar Nobel tare da André Lwoff, a 1966 kuma Walter Gilbert da Benno Müller-Hill suka ware furotin ɗin kansa.

Sai dai in ƙwayoyin gado suka yi yawa, wannan na danne wancan, wancan na tayar da wani, zance da baki ba ya isa. René Thomas na Jami'ar Bruxelles ya ci karo da wannan matsala yayin nazarin lambda, ƙwayar cutar da ke shiga bakteriya, ta kashe ta ko ta kwanta lamo a cikinta. A 1973 ya ba da shawarar a rubuta kowace ƙwayar gado da 1 in tana aiki, da 0 in ta tsaya. Ƙwayoyi goma suna ba da yanayi 1024, kuma ana iya bin kowane, a ga inda hasashe zai kai, sannan a gwada.

A lambda, furotin biyu ne ke danne juna. Wanda ya rinjaya shi ke yanke hukunci. A 1981 Thomas ya yi hasashen cewa tantanin halitta ba ya samun zaɓi tsakanin makoma biyu tabbatattu sai da zagaye mai ƙarfafa kansa irin wannan. Masana lissafi sun tabbatar da haka daga baya, tun yana raye. Ya rasu a 2017.

Manɗiƙi bai maye gurbin ɗakin gwaji ba. Aikinsa shi ne tilasta wa mai bincike ya fayyace zancensa, har a san ranar da za a ce masa ya yi kuskure.