Araha da Tsada a Murafan Bodin A-kori-kura: Nazarin Abin da Ƙarin Kuɗi Ke Saye

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta murafan bodin a-kori-kura masu araha da masu tsada kamar yadda ake sayar da su a kasuwar Amurka, inda sana'ar ƙera su ta fi bunƙasa. An dogara da bayanan da masu ƙera murafan suka wallafa, da sanannun ɗabi'un kayan da ake yin su da su, sannan da lissafi. An gano cewa ƙarin kuɗi yana sayen ƙarfin ɗaukar nauyi, da jinkirta ɓarawo, da tsawon kwana. Wajen tare ruwa da ƙura kuwa, tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ba ta kai tazarar farashinsu ba, kuma man da murfi ke tsimi bai isa ya zama hujjar sayen mai tsada ba.

Gabatarwa

A Amurka a-kori-kura motar gona ce, motar magina ce, kuma motar kai yara makaranta. Jerin Ford F-Series ya riƙe matsayin a-kori-kurar da aka fi saya a ƙasar tun daga 1977, ga Chevrolet Silverado da Ram da Toyota Tacoma suna biye. Duk waɗannan motoci suna fitowa daga masana'anta da bodi a buɗe, ruwan sama ya doke shi, rana ta gasa shi, mai wucewa kuma ya leƙa ya ga abin da ke ciki. Daga nan kasuwar murfi ta samo asali.

Farashi a wannan kasuwa yana da faɗi ƙwarai. Ana samun murfi a ƙasa da dala 300, ana kuma samun wanda ya haura dala 2,000, dukansu don rufe bodi ɗaya. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me mai saye ke samu a madadin wannan ninki bakwai ko takwas? Hausawa na cewa araha ba ta ado, to amma ado ba shi ne kaɗai abin da ake nema a bayan motar aiki ba.

Hanyar nazari da rabe-raben murafa

An kasa murafan gida biyu bisa kayan da aka yi su da su, domin farashi yana bin kayan ne. Rukuni na farko masu laushi ne: shimfiɗar roba irin ta PVC da aka ƙarfafa da zaren polista, aka ɗaura ta a kan siririn firam na alminiyam. Wasu ana naɗe su zuwa gaba, kamar TruXedo TruXport da Tyger T1, wasu ana ninke su gida uku, kamar Extang Trifecta da Tyger T3. Rukuni na biyu masu tauri ne. A cikinsu akwai masu fallaye da ake ninkewa, irin BAKFlip G2 da MX4; akwai masu zamewa su shige cikin akwati a gaban bodi, irin Retrax da Roll-N-Lock; akwai kuma masu faifan alminiyam mai kauri, irin DiamondBack da ake ƙerawa a jihar Pennsylvania.

Akwai abin lura a nan da mai saye ba kasafai yake sani ba. BAK da Extang da TruXedo da Retrax da Roll-N-Lock da UnderCover duk suna ƙarƙashin kamfani ɗaya ne, wanda a da ake kira Truck Hero, ya sauya suna zuwa RealTruck a 2022. Saboda haka gasar da ake gani a kanti tsakanin waɗannan sunaye, da yawanta tsarin farashi ne na gida ɗaya, an jera hawa-hawa don kowane aljihu ya samu inda zai tsaya.

Nauyi da tsaro

Nan ne tsada ta fi nuna kanta, kuma nan ne lambobi suka fi fitowa fili. Murfi mai laushi ba a yi shi don a ɗora masa komai ba. Ko dusar ƙanƙarar da ke sauka a jihohin arewacin Amurka, idan ta taru, ana shawartar mai mota ya share ta kafin ta lanƙwasa sandunan da ke tallafe da robar. BAK ya ce G2 na ɗaukar fam 300, wato kimanin kilo 136, MX4 kuma fam 400, kimanin kilo 181. RetraxPRO, mai sandunan alminiyam, an ba shi fam 500, kimanin kilo 227. DiamondBack HD ya kai fam 1,600, kimanin kilo 726, har ana ɗora masa babur mai ƙafa huɗu a yi tafiya.

Sai dai waɗannan alƙaluma suna tafe da sharaɗi: nauyin ya zama a baje ko'ina a kan murfin. Mutum mai kilo 80 da ya taka tsakiyar falle ɗaya da dunduniya ya tara nauyinsa ne a ɗan fili kamar tafin hannu, kuma hakan na iya lotsa fallen da aka ce yana ɗaukar ninki biyu na nauyinsa. Dalili kuwa shi ne yawancin fallayen ba alminiyam ba ne zalla. Siraran fatu biyu ne, sama da ƙasa, da soso mai tauri a tsakani. Wannan gini yana da ƙarfi idan an baje masa kaya, yana da rauni idan an soke shi a wuri guda. Shi ya sa ƙanƙarar ruwan sama mai girma ke barin tabo a kan murfin dala 1,000, alhali mai laushi yakan lotsa ya dawo.

Game da sata, murfi mai laushi yana ɓoye kaya daga ido, iyakarsa ke nan. Wuƙar aljihu ta ishe shi. Mai tauri yana tilasta wa ɓarawo ya zo da ƙarfe ya yi ƙara, ya kuma ɓata lokaci, abin da ɓarawon filin ajiye motoci ba ya so. Amma yawancin masu ninkewa ba su da makulli na kansu. Sakatarsu tana ƙarƙashi, ba a kai mata sai an buɗe ƙyauren bayan bodi. Ma'ana, tsaron murfin gaba ɗaya ya rataya ne a kan makullin wannan ƙyaure. Wanda ya kashe dala 1,200 a kan murfi alhali ƙyauren motarsa ba ya kulluwa, a ra'ayin mai wannan nazari, ya fara sayayya daga inda bai kamata ba.

Ruwa da ƙura

Masu ƙera murafa, na araha da na tsada, suna taka-tsantsan da lafazinsu: suna cewa murfin na tare ruwa, ba sa alkawarin ko ɗigo ba zai shiga ba. Suna da dalili. Bodin a-kori-kura an ƙera shi ne don ruwa ya fita, ba don ya zama akwati rufaffe ba. Akwai rata tsakanin ƙyauren baya da daɓen bodi, akwai ta a gefensa biyu, akwai ramukan kafa sanduna a saman bango, akwai kuma kusurwoyin gaba inda bangon gefe ya haɗu da na bayan direba, waɗanda sau da yawa tsayinsu ba ɗaya ba ne. Murfi yana rufe sama ne kawai.

Abin mamaki shi ne ta fuskar gini, murfi mai laushi na iya fin mai tsada sauƙin tare ruwan sama, domin shimfiɗa ɗaya ce ba gaɓa, kuma takan hau kan bangon bodi ta zubar da ruwan waje. Murfi mai fallaye huɗu yana da gaɓoɓi uku, kowace da robar da za ta tsufa. Mai zamewa kuwa ya yarda tun farko cewa ruwa zai shiga. Yana tara shi a cikin akwatin gaba, sannan siraran bututu su fitar da shi ta ƙasan bodi. Idan aka leƙa cikin wannan akwati bayan wata da watanni a ƙarƙashin bishiya, za a tarar da ganye da yashi sun zama laka a bakin bututun. Da zarar ya toshe, akwatin ya cika ya tumbatsa kan kayan da aka sayi murfin don a kare. Gyaran ba wuya, a zare bututun a busa shi, amma aiki ne da mai murfin dala 250 bai san da shi ba.

Ƙura ta fi ruwa wayo. Idan mota na gudu, iskar da ke bayanta tana jujjuyawa ɗauke da ƙurar da tayoyi suka tayar, matsin iskar cikin rufaffen bodi kuma yakan yi ƙasa, sai ya zuƙo ƙurar ta ratar ƙyaure. A nan farashin murfi bai da tasiri ko kaɗan. Maganin shi ne robar liƙe ratar ƙyaure, wadda kuɗinta 'yan daloli ne.

Tsufa

Kowane rukuni da irin mutuwarsa. PVC a asalinsa abu ne mai tauri. Sinadarai ake zuba masa ya yi laushi. Zafi da hasken rana suna fitar da waɗannan sinadarai sannu a hankali, sai robar ta kode, ta ƙanƙance, ta fara tsagewa daga bakin ɗinki da wurin ninki. Kafin nan ma zaren ɗinkin da maƙallin Velcro na gefe sukan riga ta gajiya. A yanayin sanyi takan ɗaure har rufewa ya yi wuya, da zafi ta saki ta riƙa kaɗawa a kan hanya, shi ya sa masu ɗan dama-dama a cikinsu ke zuwa da abin daidaita ɗauri.

Masu tauri ba sa tsufa a jiki da wuri, a gaɓoɓi suke tsufa. Lissafi ɗaya zai nuna dalili. Alminiyam yana miƙewa da kimanin kashi 23 cikin miliyan a kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salsiyus, robar polikabonet kuwa, wadda ake yin RetraxONE da ita, da kimanin kashi 65. A bodi mai tsawon mita 2, idan zafin murfi ya sauya da digiri 40 tsakanin asuba da azahar, alminiyam zai ƙaru da kusan milimita 2, polikabonet da fiye da milimita 5. Idan bodin da aka ɗaure su a kai na ƙarfe ne, yana miƙewa da kusan rabin na alminiyam. Wannan ɗan ja-in-ja na kullum shi ke sassauta maɗaurai, ya kuma gajiyar da robar liƙi. Wani kaso mai yawa na kuɗin murfi mai tsada yana tafiya ne a nan, a robar EPDM mai jure rana, da fentin gari da ake gasawa a kan alminiyam, da noti da ba ya tsatsa. Abubuwa ne da hoton talla ba ya nunawa.

Idan aka sa wannan a ma'aunin kuɗi, sakamakon ba ya goyon bayan tsada kai tsaye. A ɗauka murfin dala 250 ya yi shekara 4. Ya ci kusan dala 63 a shekara. Murfin dala 1,200 sai ya yi shekara 19 kafin ya sauko wannan mataki, kuma an ƙera shi ne daidai da bodin mota guda, ba lalle ya hau wadda za a saya nan gaba ba.

Batun tsimin mai

'Yan talla sun daɗe suna cewa murfi na mayar da kuɗinsa ta hanyar mai. Ƙungiyar SEMA ta masu kayan ƙarin mota a Amurka ta gwada murafa a ramin gwajin iska a 2007, ta samu ragin turjiyar iska na kimanin kashi 6 cikin 100. Turjiyar iska ɓangare ɗaya ce kawai na abin da injin ke yaƙa, kuma tana ƙaruwa ne da murabba'in gudu, don haka a cikin gari kusan babu riba. Ko da an ƙaddara tsimin kashi 2 cikin 100 ga motar da ke shan lita 3,000 a shekara, lita 60 ke nan. Tun da siffar saman murfin ce ke gyara tafiyar iska, mai araha ma na samar da wannan riba, ba tare da ƙarin kilo 25 zuwa 45 da mai tauri ke ɗora wa mota ba.

Filin da murfi ke ci

Bodin da aka fi saya a manyan a-kori-kura masu ƙofa huɗu ƙafa 5.5 ne, kimanin mita 1.7. Akwatin murfi mai zamewa yana cin kusan santimita 30 a gaba, wato wajen kashi ɗaya cikin shida na tsawon, ko da yake akwai ɗan fili a ƙarƙashinsa. Mai ninki uku yana buɗe kashi biyu cikin uku kawai sai an cire shi. BAKFlip yana buɗe kusan duka, amma fallayen na miƙewa su tare gilashin baya. Mai naɗewa, mafi araha a cikinsu, shi ne ya fi barin bodi a sake ga firij ko babur.

Idan murfin zai hau Hilux

A Nijeriya da Nijar motar da ake magana a kanta ita ce Toyota Hilux, wadda ba a sayar da ita a Amurka. Tacoma ce ta maye gurbinta can tun 1995, kuma awon bodinsu ba ɗaya ba ne. Murfin da ya dace da Hilux yakan fito ne daga Tailan, inda ake ƙera motar da yawa, ko Afirka ta Kudu, ko Ostareliya, ko Sin. Yanayi ma yana sauya lissafin da aka yi a sama. Zafin bazara a Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40 a inuwa, baƙin murfi a rana kuwa ya fi haka nesa, don haka shekarun robar PVC za su ragu. Ƙurar hunturu kuma tana shiga layin da murfi mai zamewa ke bi, idan aka shafa masa giris ta kama ta zama abin goge ƙarfe. Ga wanda ke bin hanyar burji, ƙaramar tagar da masu rumfunan bodi a Ostareliya da Afirka ta Kudu ke sakawa don cusa iska cikin bodi, ta ɗaga matsinsa ta hana ƙura shigowa ta baya, ta fi kowane ƙarin kauri amfani. Mai ɗinkin tamfol zai iya sake wa murfi mai laushi shimfiɗa a kan tsohon firam ɗinsa, mai walda na alminiyam zai iya gyara faifai mai kauri, amma sandar murfi mai zamewa idan ta karye, sai an yi odar irinta daga waje.